Ƙwaya ko zama da masani? Amsar tana wajen irin ciwon da ke damunka

Duk sanda maganar lafiyar ƙwaƙwalwa ta taso sai ka ga mutane sun rabu gida biyu tun kafin a gama bayani. Wasu su ce su fa ba mai ɗura musu ƙwayar da za ta taɓa musu kai, gara su zauna da ciwonsu, wasu kuma su ce haba dai, yaushe surutu ya taɓa warkar da cuta, a rubuta min magani kawai in sha in huta. Ni abin da ke damuna shi ne duka ɓangarorin suna ba da amsa ne ba su tsaya sun ji wane ciwo ake nufi ba. Ai ko ciwon ciki ne ba ka cewa tiyata ta fi ko magani ya fi sai ka san olsa ce ko afendis. To haka yake a nan ma, wanda ya yi wata biyu ba abin da ke masa daɗi a duniya daban, wadda gabanta ke faɗuwa ba gaira ba dalili daban, wanda ya kwana biyar bai runtsa ba kuma yana jin ƙarfi kamar doki shi ma daban, kuma wallahi abin da zai ɗaga ɗaya yana iya kayar da ɗayan.

Ba kuma lalurar mutum ɗaya ko biyu ba ce. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2019 sun nuna mutum 1 cikin 8 a duniya na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, wajen mutum miliyan 970 kenan. A ciki masu ciwon fargaba miliyan 301 ne, masu ciwon damuwa miliyan 280, masu baifola, wato ciwon da ke kai mutum ƙasa ya dawo ya cilla shi sama, miliyan 40, masu sikizofiriniya, wato ciwon da ke sa jin muryoyi da ruɗewar tunani, wajen miliyan 24. Kaga ashe mafi yawa suna cikin biyun farko, kuma a nan ɗin ne mutum ke da zaɓi na gaske, shi ya sa zan fi daɗewa a kansu.

Mu fara da ƙwayar. Magungunan damuwa da likitoci suka fi rubutawa yanzu dangi ɗaya ne da ake kira SSRI, irin su fluoxetine da sertraline da escitalopram da paroxetine, na bar sunayen yadda za ka gan su a jikin kwali. Fluoxetine ɗin tun 1987 aka amince da shi a Amurka da sunan Prozac, kaga ba sabon abu ba ne da ake gwaji a kanka. Suna aiki ne a kan wani sinadari mai suna sirotonin da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi. Da can ana cewa wai ƙarancin sinadarin ne kawai ke kawo ciwon, yanzu masana sun ja baya daga wannan bayanin don abin ya fi haka sarƙaƙiya, amma batun ko maganin na aiki kam an gwada. A 2018 mujallar Lancet ta buga wani babban nazari da ya tattaro gwaje-gwaje 522 a kan magunguna 21, mutum sama da dubu 116, kuma duka 21 ɗin sun fi ƙwayar wofi wadda ba magani a cikinta. Sai dai gaskiya ratar ba mai girman da ake zato ba ce, musamman ga wanda ciwonsa mai sauƙi ne. Wani babban binciken da aka yi a Amurka mai suna STAR*D ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku ne ke warkewa sarai da maganin farko da aka ba shi, sauran sai an canza ko an ƙara wani. Don haka in na farko bai karɓe ka ba, ba kai kaɗai ba ne, kuma ba shi ke nan an gama ba.

Babbar matsalar ƙwayar nan ita ce illarta tana riga amfaninta zuwa. Satin farko da na biyu sai tashin zuciya, ciwon kai, barci ya rikice, wani ma fargabar ta ƙaru, amma sauƙin sai an yi sati 2 zuwa 4 kafin a fara jinsa, cikakken aikinsa kuma sai wajen sati 6. Na san wadda ta sha na kwana goma ta watsar ta ce ya ƙara mata ciwo ne, ta ƙara wata takwas tana wahala kafin ta yarda ta koma, kuma da ta koma maganin dai shi ne wancan na farko, abin da ya bambanta kawai wannan karon an zaunar da ita an gaya mata me za ta ji da kuma yaushe zai wuce. Har yanzu in na tuna watannin nan takwas sai raina ya ɓaci. Akwai kuma illar da mutane ke jin nauyin faɗa, wato raguwar sha'awa ko jinkirin gamsuwa tsakanin miji da mata, tana faruwa da mutane da yawa, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ka gaya wa dakta, ana iya rage yawan maganin ko a canza wani. Tsohon magani irin amitriptyline shi ma yana aiki, amma yana busar da baki, yana sa barci da taurin bayan gida, kuma in aka sha da yawa lokaci ɗaya yana iya tsayar da zuciya, shi ya sa ba a son a bar shi a hannun wanda ke tunanin cutar da kansa. Matasa kuma 'yan ƙasa da shekara 25 sai an sa musu ido a makonnin farko, hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi tun 2004 cewa tunanin kashe kai na iya ƙaruwa ga yara da samari a farkon shan maganin, a 2007 ta faɗaɗa shi har zuwa shekara 24.

Sai tambayar da kowa ke yi, wai in ka fara ba ka dainawa? Ana dainawa. Maganin damuwa ba ya sa ƙwaɗayi irin na kayan maye inda kullum sai ka ƙara yawa kafin ka ji daidai. Amma jiki yana sabawa da shi, in ka yanke lokaci ɗaya sai jiri, sai ka ji kamar wutar lantarki na fizgarka a kai, sai saurin fushi da mugayen mafarkai, paroxetine da venlafaxine sun fi yin wannan. Ƙa'ida ita ce bayan ka warke ka ci gaba da sha aƙalla wata 6, sannan a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan cikin makonni ko ma watanni tare da likita. Da yawa daga cikin waɗanda ciwon ke dawo musu da wuri su ne waɗanda suka ji sauƙi a wata na biyu suka ce ai an warke.

To yanzu ɗaya ɓangaren. Abin da mutane ke zato shi ne za ka je ka zauna ka zazzage cikinka, wani yana gyaɗa kai yana ce maka ka yi haƙuri. Ba haka ba ne sam. Wadda aka fi gwadawa ita ce CBT, wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka Aaron Beck ne ya kafa ta a shekarun 1960, bayan ya lura marasa lafiyarsa suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu da kansu, irin su ni ba ni da amfani, kowa ya gaji da ni, ba abin da zai taɓa gyaruwa, kuma suna ɗaukarsu gaskiya ce tsagwaronta ba su taɓa tuhumarsu ba. Aikin shi ne a koya maka ka kama tunanin yana zuwa, ka rubuta shi, ka tambaye shi hujja kamar alƙali, sannan ka fita ka gwada a aikace ka ga ko abin da kake tsoro zai faru. Zama ne na kamar awa ɗaya sau ɗaya a sati, yawanci zama 12 zuwa 20, kuma akwai aikin gida, wanda gaskiya a nan ne rabin warakar take. Akwai wata mai sauƙi a kanta da ba ta ma cika taɓa tunani ba, ita dai a tsara maka ranarka a mayar da kai kan abubuwan da ka daina yi ɗaya bayan ɗaya, don mai ciwon damuwa yana jira ne sai ya ji daɗi kafin ya tashi, alhali sai ya tashi ɗin daɗin ke biyowa. Akwai kuma wadda ta fi mayar da hankali kan mu'amala, rasuwa, rabuwar aure, rikici da na kusa.

Ita ma tana da nata nauyin, kar a ruɗe ka. Tana cin lokaci, tana son ka riƙa zuwa ba fashi, wani zaman za ka fito jikinka a mace don an taɓo inda ke ciwo. Samun wanda ya ƙware da gaske ma aiki ne, a ƙasashe da yawa masu wannan ilimin ba su kai ko kusa da yawan masu buƙata ba, kuma ba duk wanda ya kira kansa mai ba da shawara ne ya koyi abin ba. Amma an gano ba dole sai babban masani ba. A Zimbabuwe wani likita Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata suna zama da mutane a kan benci a harabar asibiti, zama 6 na koyon warware matsala daki-daki, aka gwada aka buga sakamakon a 2016 kuma ya yi aiki sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da wani tsari mai zama 5 da ma'aikacin da ba likita ba zai iya koya ya gudanar. Ana kuma yi ta waya ko ta intanet, kuma in da mai bibiyarka a ciki sakamakon ba ya nisa da na ido da ido.

In aka jera su biyun a kan ciwon damuwa, ga yadda nake ganin abin. Da farko dai ciwon damuwa ba ɓacin ran kwana biyu ba ne, ana maganar sati 2 ko fiye kusan kullum rai a jagule ko komai ya fita daga rai, ga barci da cin abinci sun canza, ga kasala, ga ganin laifin kai, ga kasa tattara hankali. Akwai wata takardar tambayoyi 9 da ake kira PHQ-9, makinta daga 0 zuwa 27, likitoci na amfani da ita su auna nauyinsa, 10 zuwa sama an fara shiga matsakaici, 20 zuwa sama mai tsanani ne. In mai sauƙi ne, kana iya zuwa aiki kana cin abinci sai dai ba daɗi, ni ba zan fara da ƙwaya ba, kuma ƙa'idar da Ingila ta fitar a 2022 ma haka ta ce, a fara da zama da motsa jiki sai in mutum da kansa ya fi son magani. In matsakaici ne to gaskiya kusan kunnen doki suke yi a watannin farko, ka ɗauki wanda ka san za ka iya kai shi ƙarshe. Inda suka bambanta shi ne bayan an daina. Ƙwaya tana riƙe ka ne muddin kana sha, shi kuwa abin da ka koya a zama yana nan tare da kai, shi ya sa waɗanda suka gama CBT ciwon bai cika dawo musu kamar waɗanda suka ajiye magani ba. Amma in ya yi tsanani, mutum ba ya iya tashi daga gado, ya rame, magana ma da ƙyar, to wannan ka ce masa ya rubuta tunaninsa a takarda ai ka ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. A fara da magani ya ɗan ɗago, sannan a haɗa da zama, haɗin biyun ya fi kowanne shi kaɗai.

Wani abu da ake yawan tsallakewa, kafin a ce ciwon damuwa ne ya kamata a duba jini. Ƙarancin jini da matsalar tairod, wato halittar nan da ke gaban wuya, duk suna kawo kasala da mutuwar jiki ko bugun zuciya da rawar hannu, kuma su maganinsu daban ne kwata-kwata.

Fargaba kuwa a nan ne na fi karkata ga zama, kuma ina da dalili. Ciwon fargaba yana rayuwa ne da gudu. Kana tsoron taro sai ka ƙi zuwa, sai ka ji sanyi a ranka, sai ƙwaƙwalwa ta rubuta cewa gudun ne ya cece ka, gobe tsoron ya ƙaru, da haka da haka har duniyarka ta koma ɗaki ɗaya. Ƙwaya tana rage ƙarfin tsoron amma ba ta koya maka daina gudun, zama ne ke yin wannan, a riƙa kusanta ka da abin da kake tsoro mataki-mataki har jikinka ya gane ba abin da zai same shi. Ka ɗauki mai firgicin farat ɗaya, zuciya na dukan uku-uku, numfashi na sarƙewa, gumi, hannu na rawa, ya tabbata mutuwa ce ta zo, abin ya kai ƙololuwa cikin kamar minti 10 sannan ya lafa. Irinsu sun sha zuwa gwajin zuciya ana ce musu lafiya lau. In an tabbatar zuciyar lafiyarta ƙalau, CBT na yi musu aiki sosai, har da gangan ake sa mutum ya yi numfashi da sauri ko ya hau bene da gudu a gaban masanin don ya ji bugun zuciyar ya ga bai mutu ba. Shi kuma mai zullumin da ba ya ƙarewa, wata 6 ko fiye kullum cikin saƙe-saƙen me zai faru da yara, da aiki, da lafiya, wuya da kafaɗa a ɗaure, shi SSRI ma na taimaka masa ƙwarai, sai dai a fara da kaɗan don kar ya tayar masa da hankali a satin farko.

A nan dole in tsaya a kan wani dangin magani da ya cuci mutane da yawa, su diazepam da aka fi sani da Valium, da bromazepam wato Lexotan, da lorazepam da alprazolam. Waɗannan cikin rabin awa za ka ji duniya ta yi lum, shi ya sa mai fargaba ke ganin ai ga maganin gaskiya nan, me zai sa in jira sati huɗu. To an gudu ba a tsira ba. Su kam suna kama mutum, bayan 'yan makonni guda ɗaya ba ta isa, in ka daina fargabar ta dawo ta ninka ta da, wanda ya daɗe yana sha ya yanke lokaci ɗaya har farfaɗiya yana iya yi. Ƙa'idarsu sati 2 zuwa 4 ne kawai, a lokacin tsanani, da sanin likita. In aka haɗa su da giya ko kodin ko tramadol suna iya tsayar da numfashi. Shi tramadol ɗin ma ko da SSRI aka haɗa shi yana da haɗari, don haka duk abin da kake sha ka faɗa, ko da kana jin kunyarsa. Kuma don Allah kar ka karɓi ragowar maganin wani don ya ce shi ya yi masa aiki.

Rashin barci ma haka, abin da ƙungiyar likitocin Amurka ta ce a fara da shi tun 2016 ba ƙwayar barci ba ce, wani nau'in CBT ne na barci, zama 4 zuwa 8. Ka tsayar da lokacin tashi guda kullum ko da daren ya yi muni, in ka yi kamar minti 20 kana juyi ka sauka daga gadon sai barci ya zo, ka rage awannin da kake kwance ido biyu. Satin farko da wuya, amma yana daɗewa fiye da ƙwaya.

Ciwon waswasi shi ne wanda na fi tausaya wa masu shi don sun san abin da suke yi ba ma'ana amma sun kasa bari, wanke hannu har fata ta tsage, komawa duba ƙofa sau goma sha, ko wani mummunan tunani da ke faɗo wa mutum wanda shi kansa yana ƙyamarsa har yana zargin kansa da mugunta. Zama na hira kawai ba ya yi masa komai, wani lokaci ma ƙara shi yake, don duk sanda aka ce maka kwantar da hankalinka ba komai, ka samu abin da ciwon ke nema kenan, anjima zai dawo neman ƙari. Wanda ke aiki shi ne a sa ka taɓa abin da kake ƙyama sannan a hana ka wankewa, ka zauna da tashin hankalin har ya sauka da kansa. SSRI ma na aiki a nan amma yawanci sai an ba da mai yawa fiye da na damuwa, kuma sai an jira har sati 12 kafin a yanke hukunci. In ya yi nauyi a haɗa biyun. Wanda kuma ya ga masifa, haɗarin mota ko hari ko fyaɗe, aka wuce wata ɗaya abin na dawo masa a mafarki da ido biyu, ƙara kaɗan ya zabura, shi ma zama ne a gaba, CBT da aka tsara don razana ko wata hanya mai suna EMDR da ake sa mutum ya tuno abin yana motsa idanu, magani irin sertraline yana biyo baya ne, su Valium kuwa ba a son su a nan ko kaɗan.

Amma fa akwai inda ba zaɓi, kuma ba zan yi kwana-kwana ba. Baifola, wato mutum ya yi makonni a ƙasa sannan ya yi sati ko fiye a sama, barci awa biyu ya ishe shi, magana ba birki, kashe kuɗi ba lissafi, yana jin ya fi kowa, wannan magani ne ginshiƙinsa. Lithium tun 1949 wani likita a Ostareliya John Cade ya gano amfaninsa kuma har yau yana sahun gaba, yana ma rage haɗarin kashe kai, sai dai yana son gwajin jini a kai a kai don duba yawansa da lafiyar ƙoda da tairod. Valproate na aiki amma yana iya nakasa jariri a ciki, mace mai shekarun haihuwa ta yi wannan maganar da likita tun kafin a rubuta. Abin da ya sa na dage sai an san sunan ciwo shi ne wannan, mai baifola yakan je asibiti ne lokacin da yake ƙasa, in bai faɗi labarin lokutan da yake sama ba sai a ba shi maganin damuwa shi kaɗai, shi kuma yana iya cilla shi sama gaba ɗaya. Haka mai jin muryoyin da ba wanda ke ji sai shi, ko ya tabbata ana bibiyarsa ana shirya masa makirci, magani ne farko, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon yadda ake samun kansa. Tun 1952 da aka fara amfani da chlorpromazine a Faransa ake da magungunan wannan ciwon, yanzu ga haloperidol da risperidone da olanzapine, kowanne da illarsa, wani sandarewar jiki da rawar hannu, wani ƙiba da hawan suga. Wanda ke mantuwa ko gardamar sha akwai allura ta sati 2 ko ta wata-wata, in an gwada biyu ba su yi ba akwai clozapine. Zama a nan yana da amfani sosai, musamman wanda ake haɗawa da iyali a koya musu alamun dawowar ciwon, amma ƙari ne a kan magani, ba ya maye gurbinsa.

'Yar'uwa mai jego, kukan da ba dalili a kwanakin farko bayan haihuwa yawancin mata na yinsa kuma yana wucewa kafin sati 2. In ya zarce haka, kina jin ba kya son ɗaukar jaririn ko kina ganin ke muguwar uwa ce, wannan ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, yana samun fiye da mace 1 cikin 10, zama na yi masa aiki, kuma shayarwa ba ta hana magani, sertraline na cikin waɗanda likitoci suka fi zaɓa wa mai shayarwa. In kuwa mai jego ta rikice, ba barci, tana maganganun da ba kai, wannan na gaggawa ne a ranar, yana samun 1 zuwa 2 cikin haihuwa 1000.

Jinyar lantarki da ake kira ECT mutane na jin sunanta su tsorata. An fara ta a Italiya a 1938, amma ta yanzu sai an sa mutum barci an saki tsokokinsa, ba ya jin komai, yawanci sau 6 zuwa 12. Ga wanda damuwa ta kai shi ya daina ci da sha, ko magunguna sun ƙi, tana cikin mafi saurin aiki, illarta ita ce mantuwa, musamman ta abubuwan da suka faru dab da lokacin jinyar.

Duk wanda ka ɗauka, ka ba shi wa'adi kai da mai duba ka tun ranar farko. Magani in an yi sati 4 zuwa 6 ba ko alamar motsi, a koma a ƙara ko a canza. Zama in an yi 6 zuwa 8 ba ka san inda aka dosa ba, ba aikin gida, ba a auna ko kana samun sauƙi, ka tambaya kai tsaye wace hanya ake bi da kai, in amsar ba ta gamsar ba ka nemi wani, don jituwa tsakaninka da masanin tana cikin abin da ke sa a warke. In kuma ba masanin a kusa kwata-kwata sai likita da ƙwaya, kar ka zauna jiran abin da babu alhali ciwon na cin ka, ka karɓi wanda ke akwai.

Duk wannan aune-aunen na wanda ke da lokaci ne. Sama da mutum dubu 700 ke kashe kansu duk shekara a duniya. In wani naka ya fara cewa gara ya mutu, ko ya huta da duniya, ko ka ga yana rabar da kayansa yana sallama, ka tambaye shi ƙarara ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta cusa masa tunanin, sau da yawa ma sauƙi yake ji an tambaya. In ya ce e, kar a bar shi shi kaɗai, a kwashe magunguna da guba da makami daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibiti a ranar ko da tsakar dare ne. In kuma kai ne ke jin haka, ka gaya wa mutum ɗaya yanzu, ka ce ya raka ka.